Bango Mai Ɗumi a Gidan Hajiya Falmata

Assalamu alaikum, Yaya Kabiru.

Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, duk da cewa tsakar gida ce kawai tsakanina da ɗakinka. Allah ya kai ka Gombe lafiya gobe, ya tsare maka hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin sabon aikinka. Ni ce, Rukayya. Wasiƙar ta Baba ce, ni biro kawai na riƙe, don ka san shi da ajami yake rubutu, kai kuma in aka miƙa maka ajaminsa sai ka yi ta juya takardar kana neman inda aka fara. Amma kafin maganarsa ta shigo akwai tawa, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Umma.

Ba Yagana ce ta kai ƙararka wurin Baba ba. Ni ce.

Ka san ina zuwa gidan Hajiya Falmata aron littattafai wurin 'yarta Yagana, tun kafin ma a fara maganar aurenku. Ɗakin zoɓon nan na bayan gida da ka ja wa wuta, nan nake ɓuya in yi karatu, don a can babu mai aike na. Ina zama a ƙasa gefen firiza in jingina da bango. Tun lokacin sanyi na fara jin wani layi a bangon yana da ɗumi, daga soket ɗin ya miƙe sama, kamar bayan magen da ta kwanta a rana. Wallahi har daɗinsa na ji. Kuma na san ba daidai ba ne, ai a gidan mai gyaran wuta aka haife ni. Amma na yi shiru. A littattafan da nake karantawa, saurayi yakan yi wa gidan su budurwa wata bajinta kowa ya yi ta yabonsa, kuma haka na ga ana yi maka. Hajiya tana cewa "surukina injiniya", Yagana tana sunkuyar da kai tana murmushi. Ban so a ce ni ce na ɓata wannan shafin ba. Wannan shirun nawa ko Baba bai san da shi ba.

Sai ranar da Hajiya ta jona hita tana dafa ruwan zoɓo, Yagana na guga a soket ɗin ɗaya, jikokin Hajiya na wasan 'yar ɓuya a bayan firiza, ni kuma na ji wari kamar silifa ya faɗa murhu. Na dawo gida da sauri, na ce, "Baba, wai in bango ya yi ɗumi a inda waya ta bi, mene ne?" Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wane bangon?"

Sauran ka sani. Ya ɗauki sukuddireba ya tafi, ya tarar da kai a can ka je gaishe su, ya kwance soket ɗin a gaban Hajiya da Yagana da kawunta, ya zaro wayar da robarta ta yi baƙi ta yi laushi, ya ɗaga ta ya ce, "Aikin wane ne wannan?" alhali ya sani. Tun daga ranar ba ka sake cin abinci da shi a zaure ba, ba ka sake taka ƙofar su Yagana ba, sai ji muka yi ka karɓi aikin sola a Gombe.

Yau da hantsi ya kira ni zaure ya ce in zo da takarda. Ya ce, "Rubuta. Zuwa ga..." sai ya tsaya. Ka san Baba da kunyar ɗan fari, tunda nake ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba, daga "yayanku" sai "wannan yaron". Ya ce, "Ke dai kin san sunan, sa shi." To na sa. Ga maganarsa yadda ta fito.

Zuwa ga Kabiru.

Ina yi maka sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa tafiyar da za ka yi ta zama ta alheri, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin wuta da sharrin mutum. Ba labari zan ba ka ba, labarin gidan nan babu wanda ba ka sani ba. Kurakuraina zan faɗa maka, waɗanda na riƙe a cikina tun kafin a haife ka, don ka tafi da su a matsayin guzuri. Ba ni da abin da ya fi su daraja.

Lokacin da maigidana ya sallame ni na fara cin gashin kaina, akwai wani mai wanki da guga a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, Malam Iro. Mutum ne mai barkwanci, bakinsa ba ya hutawa. Ya gaji da dutsen gawayi, ya sayi na lantarki, ya ce in ja masa wuta. Na ja masa da siririyar waya, mai kaurin lamba ɗaya da rabi, irin wadda muke ja wa fitila, don ita nake da ita a jaka kuma dutsen guga ɗaya na gani. Ta yi aiki. Da azumi ya kama kaya suka yi masa yawa, sai ya ƙaro dutse biyu ya ɗauki masu taya shi. A lokacin ba bireka mai kashe wuta da kanta ake yayi ba, fis ne na tangaran mai siririn zare a ciki. Da sun jona ukun sai fis ya tsinke. Ya aiko in zo, in sauya zaren, kafin in kai gida ya sake tsinkewa. Masu zama a bencin ƙofar shagon suka samu abin yi. Da sun hango ni sai su ce, "Ga malamin fis nan ya dawo." Malam Iro ya ce, "Sadi, ko dai in shimfiɗa maka tabarma a nan, mu riƙa yin sahur tare?" Aka yi ta dariya.

Dariyar nan ce ta ci ni. Na feɗe wata waya, na murɗa silin jan ƙarfe da yawa wuri ɗaya, na cusa a fis ɗin. Na ce, "Yanzu ko injin niƙa ka jona ba zai tsinke ba." Kuma gaskiya na faɗa, bai sake tsinkewa ba. Aka daina yi min dariya. Ana gab da sallah, ranar Juma'a, mutane suna masallaci, masu taya shi suka bar duwatsu a jone suka fita. Wayar da ke cikin silin ta ɗauki zafi ta kama. Allah ya kiyaye babu ran da ya salwanta, amma kayan sallar mutanen unguwa guda suka zama toka. Na je na tsaya cikin 'yan kallo. Kowa na cewa masu wuta ne suka kawo ta da ƙarfi. Malam Iro ya dube ni, ya daɗe yana dubana, amma bai tona ni ba. Ya koma gawayi a ƙofar gidansa, shagon bai sake tashi ba. Har ya rasu, in mun haɗu shi yake fara gaishe ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Don haka da na buɗe allon wutar gidan Hajiya na ga ka cire ƙaramar bireka ta goma ka sa ta talatin da biyu a kan waya mai ɗaya da rabi, ba aikinka na gani ba, nawa na gani. Na san yadda aka yi ba sai an faɗa min ba. Bireka tana ta faɗuwa, Hajiya tana cewa "ina injiniyan namu", yarinyar tana jin kunya a madadinka, kai kuma kana so a daina kiranka. To ka ji. Bireka ba kayan wuta take gadi ba, waya take gadi. In ta faɗi, ba lalacewa ta yi ba, magana take yi: kayan da aka ɗora sun fi ƙarfin wayar. Wanda ya sa babba don ta yi shiru bai rage wa waya nauyi ba, bakin mai gadi kawai ya ɗaure. Kaya su ne suke zaɓar waya, waya ita ce take zaɓar bireka. Kada ka taɓa juya wannan, ko da duk unguwa za ta taru ta yi maka dariya. Dariya ba ta ƙona gida.

Kuma kada ka auna waya da ido, ko da abin da ya rage maka a jaka. Ka yi lissafi, ai ka fi ni boko. Kowane kayan wuta an rubuta wat ɗinsa a jikinsa. Ka tara su, ka raba da ƙarfin wutarmu, ɗari biyu da talatin, abin da ya fito shi ne amfiyar da wayar za ta ɗauka. In ba ka son dogon lissafi, ka riƙe cewa duk wat dubu tana jan amfiya huɗu da kusan rabi. Hitar Hajiya ta dubu uku ce, ita kaɗai ta kai goma sha uku. Dutsen guga ya ƙara biyar. Firiza biyu su ƙara nasu, kuma lokacin da injinsu zai tashi sukan fizgi fiye da haka. Ka ga an haura ashirin. Ita kuwa mai ɗaya da rabi, in tana cikin bututu a bango inda ba ta shan iska, ko goma sha biyar ba na yarda in ɗora mata. Ta fitila ce da fanka. Soket na yau da kullum mai biyu da rabi yake so. Hita irin wannan, da na'urar sanyaya ɗaki, da makamantansu, kowanne a ja masa layinsa daban da mai huɗu, da birekarsa shi kaɗai.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ranar da ka ja wayar Hajiya cewa ta yi firiza ɗaya ce da ƙwan fitila. Gaskiya ne, haka ta ce. Ni ma Malam Iro dutse ɗaya ya nuna min. Mai gida ba ƙarya yake yi maka ba, abin da yake da shi yau yake faɗa. Kai ne za ka duba gobe. Ɗakin da mace take sana'a a ciki, soket ɗinsa ba ya zama shi kaɗai. In ka ga manyan tukwane da jarkoki da buhun zoɓo a jingine, ka san hita tana hanya ko ba a ambace ta ba. Ka zauna, ka sha ruwa, ka yi tambaya: me ake yi a ɗakin nan, wa yake shiga, da azumi fa, da biki fa? Sannan ka bar rara. Wayar da ta yi daidai cif da kayan yau, ta riga ta yi kaɗan.

Yaya, ni ce. A nan na ce masa, "Baba, ko in ɗan sa wata kalma mai taushi? Tun ɗazu amfiya muke ta yi." Ya harare ni ya ce, "Auta, wannan ba littafin soyayyarki ba ne da ake suma a kowane shafi. Rubuta abin da na ce." Sai kuma ya ce, "Wace irin kalma?" Na ce, irin su "ɗana abin alfaharina". Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ci gaba."

Kuskure na biyu na yi shi ne bayan na ɗauka na gama sanin aiki. Wani masallacin unguwa a gindin Dala aka haƙa masa rijiyar burtsatse, aka kira ni in ja wa injin jan ruwa wuta. A wannan karon na yi lissafi, na duba jikin injin, na ga mai biyu da rabi ta ishe shi har da rara. Abin da ban lissafa ba shi ne nisa. Mita tana ƙofar gidan liman, rijiya tana can bayan makaranta, sai an bi lungu an yi kwana an sake yin kwana. Wuta kamar ruwa ce a siririn tiyo, in tafiya ta yi tsawo tana isa a gajiye. Ga wutar unguwar dama ba ta cika zuwa da ƙarfi ba. Injin ya riƙa gurnani kafin ya tashi, ladan yana cewa, "Malam Sadi, injin nan naka kamar mai ciwon haƙori." Na ce sabo ne, zai saba. Inji in wuta ta zo masa da rauni ba hutawa yake yi ba, ƙara ja yake yi, yana zafi. Tsakiyar bazara ya ƙone. Na ga dattawa suna zuwa sallar azahar da butocinsu daga gida, na ga matan da suka saba aiko a ɗebo musu ruwa a nan sun koma jiran 'yan garuwa. Babu wanda ya ɗora min laifi, an ce injin ne ba mai kyau ba. Ni na san wayata ce.

To ka riƙe: bayan ka tambayi nawa za ta ɗauka, ka tambayi ina za ta kai shi. In tafiya ta yi nisa, ka hau mataki ɗaya sama da abin da lissafi ya ba ka, wani lokaci ma biyu. Kuma ka auna wutar a can ƙarshen waya, inji yana aiki, ba a gindin mita ba.

Wannan ya fi shafar ka a inda za ka. Ni ban yi zamanin sola ba, amma na leƙa na gani. Batir ƙarfinsa kaɗan ne, goma sha biyu ko ashirin da huɗu. Wat dubun da take jan amfiya huɗu da rabi a wutar gari, a kan batir mai ashirin da huɗu sai ta ja sama da arba'in. Kada idonka da ya saba da wayar gida ya ruɗe ka. Tsakanin batir da na'urar da take juya wutar, waya mai kauri ake sawa, gajeriya, a ɗaure bakinta tamau, a sa mata fis ɗinta kusa da batir. In maigidanka na can ya ce ka lallaɓa da wadda ake da ita, ka ce masa a'a cikin ladabi. In ya dage, ka ce ya sa da hannunsa.

Na uku ƙarami ne, amma har yau uwarku ba ta bar ni na manta ba. Da za a kawo ta gidan nan, na ce ɗakinta sai ya fi na kowa haske a Gwammaja. Na shiga kasuwa na ga wata waya mai sheƙi, an buga mata biyu da rabi a jiki, ga sauƙi. Ban feɗe ta ba, na yarda da rubutun. Na bi da ita ta cikin rufi, ƙarƙashin kwano, na ɗaure ta dami guda da sauran wayoyi don aiki ya yi kyau. Ranar da danginta suka zo ganin ɗaki, an kunna fanka da rediyo, wata gwaggonta ta jona abin dafa shayi, sai hayaƙi ya fara saukowa daga silin a kan jeren kwanukanta. Na hau na zaro wayar, na kankare ƙarfen cikinta da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma kaurin bai kai abin da aka rubuta ba, roba ce ta cika shi.

Yaya, ni ce kuma. Umma tana tankaɗe a bakin ƙofa, ashe tana ji. Ta ɗago murya ta ce, "Ki rubuta cewa da fitilar ƙwai na yi amarci, a gidan mai gyaran wuta." Baba ya ce, "Ba da ke ake ba." Ta ce, "Ai da ni aka yi." Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ni dai ban taɓa sanin akwai irin wannan labarin a gidanmu ba, ina can ina neman sa a littattafan aro.

Ya ce in rubuta: kada ka sayi waya sai ka feɗe bakinta ka ga jan ƙarfen da idonka, ka kankare shi, ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa. Roba ba ta ɗaukar wuta. Kuma ka sani waya tana jin zafin gari kamar yadda kake ji. Wadda aka bi da ita ƙarƙashin kwano a bazarar Kano, ko aka cusa ta da 'yan'uwanta da yawa a bututu ɗaya, ba za ta ɗauki abin da za ta ɗauka a sarari ba. A irin wannan wurin ma ka ƙara kauri.

Saura ɗaya, kuma shi ne sabo.

Ranar da na je gidan Hajiya, da na ga robar nan ta narke, na hango yaran nan a bayan firiza, sai shagon Malam Iro ya dawo min. Tsoro ne ya kama ni, ya fito a fushi. Abin da ya kamata in yi shi ne in kashe layin, in ja ka gefe, mu koma tare da yamma mu gyara, a ce uba da ɗa sun zo ƙara wa aiki inganci. Maimakon haka na ɗaga wayar a gaban mutanen da kake neman aure a wurinsu na yi tambayar da na san amsarta. Ni da aka rufa wa asiri a Ɗan Agundi, aka rufa min a Dala, na kasa rufa wa nawa. Na san waya iyakar abin da za ta ɗauka, ban tsaya na auna abin da na ɗora maka ba. Wannan laifina ne, ba naka ba. In wata rana ka zama maigida, yaronka ya yi kuskure, ka gyara wayar a gaban kowa, shi kuma ka gyara shi a inda babu kowa.

Amma laifina bai goge aikinka ba, yana nan cikin bango. Na mayar da ƙaramar bireka, na ce kada a jona hita. Hajiya ta yi haƙuri kwana biyu tana dafawa da itace. Jiya ta aiko cewa an ba ta aikin zoɓon biki, in ba za a gyara ba za ta kira wani yaro a bakin titi ya mayar mata da babbar, tunda da ita ai lafiya lau take aiki. Ka san za ta samu wanda zai yi. Ba zan bari ba. In ka tafi ba ka gyara ba, gobe da safe zan ɗauki jakata in je in yi, ba zan kwana biyu da wannan a raina ba. Sai dai in ni na yi, abin da za a riƙe a gidan shi ne ka ɓata ka gudu, tsohonka ya zo ya share. Da wannan za su riƙa tunawa da kai duk tsawon zamanka a Gombe, kuma da shi kawun yarinyar zai auna ka ranar da za mu je tambaya. In kai ka yi, abin da za a riƙe shi ne ka dawo da ƙafarka ka zare wayarka ka sa wadda ta dace. Ni ban samu wannan damar da Malam Iro ba. Kai bangonka ɗumi kawai ya yi.

Akwai naɗi biyu a zaure bayan ƙofa, mai biyu da rabi da mai huɗu. Na feɗe su na duba, jan ƙarfe ne har ciki. Tsohuwar wayar ka zare ta gaba ɗaya, wadda ta taɓa dahuwa ba a barin ta. Hita ka ja mata layinta. Ba zan bi ka ba, sai in kai ka ce in zo in riƙe maka tsani.

Allah ya yi maka albarka, Kabiru. Allah ya tsare hannunka, ya sa kada wani ya taɓa kwana cikin haɗari saboda aikinka. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka, Sadi.

Yaya, sunanka da ke cikin addu'ar ƙarshen nan ba ni na sa shi ba. Shi ya faɗa, da bakinsa, a hankali, yana kallon ƙasa. Har Umma ta daina tankaɗe.

Sai ya ce in karanta masa daga farko. Na karanta, ban da nawa surutun. Yana ji yana murza hularsa a gwiwa. Da na kai ƙarshe ya miƙe ya ce, "Ta yi tsawo. Kuma ni ban ga inda uba yake zama yana lissafa wa ɗansa abin kunyarsa ba. Yaga ta, Auta, ko ki ba uwarku ta hura gawayi. Gobe na je na gyara musu kawai." Ya sa takalmi ya tafi masallaci.

Tun azahar nake zaune da ita a cinya. Ban taɓa saɓa wa Baba ba, ka sani, ni ko kallon idonsa ba na iyawa. Na kai ta bakin murhu na dawo da ita. A littattafan Yagana akwai irin wannan da yawa, wasiƙar da aka rubuta ba a bayar ba, sai bayan shekaru a tsince ta a ƙasan akwati, kowa ya yi ta kuka. Ina son wurin sosai, har nakan koma in sake karantawa. Yau na gane a takarda kawai yake da daɗi. Kuma na lura da abu biyu. Baba yana da hannu, da yana so a yaga da ya karɓa ya yaga, amma a cinyata ya bar ta. Naɗin wayar nan kuma da ya ce shi zai je ya yi aiki da su, bai sa su a jakarsa ba, suna nan bayan ƙofa, daidai inda kake ajiye takalminka.

Na taɓa jin bango ya yi ɗumi na yi shiru don kada in ɓata labari. Ba zan sake ba. In Baba zai yi faɗa ya yi, in kai ma za ka daina yi min magana saboda abin da na faɗa a farko, ka daina, amma bayan ka karanta. Yagana ba ta san ni ce na faɗa ba, kullum sai ta tambaye ni ko kana cin abinci, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata.

Allah ya huci zuciyarka, Yaya, ya tsare ka a duk inda ka sa ƙafa, ya sa mu ga dawowarka da alheri. Yanzu aka idar da la'asar, da sauran rana, kuma gidan Hajiya ba nisa. Ina jin ƙarar zif ɗin jakarka daga nan. Ba zan tura ta ƙarƙashin ƙofa in gudu ba kamar yadda na so yi. A hannunka zan sa ta, in tsaya har ka gama.

Ƙanwarka, Rukayya.

Ga ni nan tafe. Ka buɗe.